Mun Je Rogo Neman Sunan Yaya

Da asubar fari muka tashi, ana sallame salla a masallacin layinmu direba ya danna hon a ƙofar gida. Ni ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba, amma Yaya tuni ta shirya, tana zaune a falo da jakarta a cinya kamar mai jiran jirgin Makka. Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da ƙafar yawo, ko sunan ƙauye ake yi, in dai da kujera a mota ba na cewa a'a. To wannan karon ba yawo ne ya fitar da mu ba, sai na ɗan koma baya kafin ku gane.

Yayata ungozomar asibiti ce, ta yi aiki har ta yi ritaya. Da ta ajiye aiki sai ta zauna ta rubuta ɗan littafi da Hausa a kan kula da mai jego da jariri: yadda za a yi wankan jego ba tare da an dafa mace ba, iya kanwar da ta isa a kunu, abin da ba a sa wa cibiya, da alamomin da in an gansu sai asibiti ba jira. Ta buga shi da guminta, mata suka karɓe shi hannu bibbiyu. Can sai ciniki ya tsaya cak. Muka ce ko tsadar rayuwa ce, ashe littafin ne ya shiga waya yana yawo daga wannan guruf zuwa wancan. Yaya ba ta ɗaga hankalinta ba, ta ce in dai mata na amfana Allah Ya ba ta lada. Abin da ya karya ta ya faru ne ran da aka gayyace ta wani shirin lafiya a rediyo. Tana cikin bayani wata mata ta bugo waya, ta ce mata ta ji tsoron Allah, littafin nan na wata tsohuwa ce a Rogo, Inna Habi, wadda ta rasu, kuma cin haƙƙin mamaci ba abin wasa ba ne. Duk mai sauraro ya ji.

Tun daga ranar Yaya ta zama wata iri. Littafi na biyu da ta fara, na yaye da abincin yara, ta tattara takardunsa ta cusa ƙarƙashin katifa. Ta daina zuwa suna da biki, wai kowa kallon ɓarauniya yake yi mata. Ni abin ya ƙona mini rai matuƙa, don a kan idona aka rubuta littafin nan, ni nake kai mata shayi tana gyara tabarau tana masifa da biro. Na matsa mata muka kai ƙorafi ofishin masu kula da haƙƙin mallaka. Jami'in da aka haɗa mu da shi ya duba kwafin da ke yawo, ya nuna mana lambar wani shagon turi na Karaye a ƙasan kowane shafi. Ya ce dama yana da fita wayar da kan masu turi a Karaye da Rogo, in muna so mu biyo shi. Yaya ta ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Mu huɗu ne a mota: direba, jami'in a gaba, ni da Yaya a baya. Muka bi ta Kabuga gari bai gama farkawa ba, masu shayi na ta hura wuta, muka wuce Rijiyar Zaki, a Janguza muka karya kwana muka ɗauki hanyar Kabo. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar. Dawa ta fitar da kai, an fara yankan gero, nan da can ga mata sun sunkuya suna tsinkar gyaɗa. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri kuma sai direba ya rage gudu yana zaɓen ramin da ya fi sauƙi, don kauce musu duka ba zai yiwu ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi tsaki ya gaya mana abin da bakanike zai ce.

Jami'in nan da farko yana ta shan ƙamshi irin na ma'aikata, katin shaida a wuya, magana ɗaya-ɗaya. Yaya ta tambaye shi unguwarsu, ya faɗa. Ta tambayi sunan mahaifiyarsa, ya faɗa. Ta ƙura masa ido ta madubi, ta ce ai ita ta karɓi haihuwarsa, kuma tun ranar ta san zai yi taurin kai don sai da ya ba su wuya. Direba ya yi dariya har ya kusa rasa ramin da ya zaɓa. Daga nan "ranka ya daɗe" ta ƙare, ya koma "ɗana", ita kuma ta koma "Mama". Wannan ce dariyar farko da na ji Yaya ta yi tun ranar rediyo.

A Kabo muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai a gindin wata bishiyar darbejiya. Kokon ya ji kayan yaji, ba ni da abin cewa. Ƙosan ne dai ya ba ni tausayi. Mai suyar ta rantse ba ta ƙara kuɗi ba, kuma gaskiyarta, ƙosan ne ya rame har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa abu. Ta ce in je in tambayi mai wake da mai mai, su ne suka san dalili.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Karaye. Gari ne mai inuwa, manyan bishiyoyi sun rufe titi, iskar ruwa kuma tana busowa daga wajen madatsa. Ba mu fara komai ba sai da muka je muka gaida mai unguwa, aka yi gaisuwa ta gaske, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi damina, an sake komawa kan gajiya. Mai unguwar ne ya sa aka tara mana masu turi a gindin wata durumi kusa da tasha. Ga wanda bai san su ba, su ne masu ɗan shago da kwamfuta da janareta, ka kai waya ko memori su zuba maka fim da waƙa da karatun littafi, ka ba su ɗan abin da ya samu. Sun zo da yawa, wasu da wayoyin caji a hannu don kada ciniki ya wuce su.

Na zaci jami'in zai buɗe musu doka da Turanci ya yi ta zuba, sai ya ba ni kunya. Ya tambaye su wa yake da gona, hannuwa suka tashi. Ya ce to mutum ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma, ranar girbi wani ya zo ya kwashe ya kai kasuwa, me sunansa? Suka faɗi sunan da baki ɗaya. Ya ce mai littafi da mai waƙa da mai fim su ma manoma ne, kuma dokar yanzu ta bi satar fasaha har cikin waya: ana sa a sauke abu daga shafin da aka ɗora shi, ana ƙwace kayan aiki, ana zuwa kotu. Wani ya ce ai da datarsa ya sauko da su. Jami'in ya ce kuɗin motar da ɓarawo ya biya zuwa gonar mutane ba ya mayar da buhun nasa. Wani kuma ya ce in bai tura ba maƙwabcinsa zai tura, shi ya kwana da yunwa. Wannan maganar jami'in ya daɗe a kanta, ya yi musu bayanin yadda za su haɗu su nemi izini daga masu kayan su riƙa sayarwa da yardarsu, kowa ya samu. Abin da na lura da shi, yawancinsu ba su taɓa jin cewa laifi ba ne. A wurinsu kamar aron turmi ne, ka daka ka mayar, turmi bai ragu ba.

Shagon da muke nema yana can wajen Unguwar Hajji. Mai shagon magidanci ne mai fara'a, ya share mana benci, ya aika aka kawo ruwan leda mai sanyi. Da jami'in ya nuna masa shafin da lambarsa ke jiki sai fara'ar ta ragu. Ya buɗe kwamfuta, ga littafin Yaya nan tsaf, an yi masa sabon bango mai ado, an rubuta wai sirrin jego ne daga bakin tsohuwar ungozoma Inna Habi. Ya ce shi kyauta ya same shi a waya daga wajen Rogo, da shafin sadaka a gaba, shi ne ya cire shafin ya ƙawata shi ya fara sayarwa. Jami'in ya tambaye shi ko ya san ainihin mai littafin. Ya sosa ƙeya, ya ce matarsa ta taɓa sayen na takarda a haihuwarta ta fari, ya gane shi.

Yaya ta ce, "To me ya sa ka bar sunan wata a kai?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mutanenmu sun fi yarda da abin tsofaffi. In aka ce na asibiti ne ba sa saye."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, sai da Yaya ta ja mini mayafi na zauna. Abin dariya kuma, kwamfutar nan a kulle take da lambobin sirri hawa-hawa, kuma yana cikin ba da haƙuri ya fara kawo ƙarar wani maƙwabcinsa da ya taɓa kwashe masa finafinai ba izini. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ashe an taɓa yi masa gargaɗi a kan wasu finafinai a wata fitar da ta gabata, don haka wannan karon jami'in bai tsaya dogon wa'azi ba. Aka goge littafin a gabanmu, aka ɗauki na'urar da yake tara kayan a ciki, aka ba shi takardar gayyata zuwa ofis. Kafin mu fita mai shagon ya gaya mana wanda ya fara sakin littafin: Malam Haruna, malamin firamare a wajen Rogo Ruma, ɗan marigayiyar.

Muna shiga mota Yaya ta fara faɗa. Ta ce wannan na Karaye ɗan kasuwa ne, ta gane shi, amma wanda ya fara ɗora sunan uwarsa a kan wahalarta sai sun tsaya gaban alƙali. Jami'in ya ce haƙƙinta ne, takardar shigar da ƙara ma tana jakarsa.

Don hankali ya ɗan kwanta direba ya kai mu bakin madatsar Challawa. Ruwa ne iya ganinka, masunta na ta dawowa da kwalekwale, mata na suyar kifi a gefe. Muka ci karfasa da yaji da ɗanyar albasa, zafinta na ƙona yatsa. A Kano sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka tunkari kifi irin wannan, a nan kuwa mai suyar har gyara ta yi mana. Ni dai na manta da abin da ya kawo mu na ɗan lokaci, na miƙe ƙafa iska na kaɗa ni, na ce da ma a nan aka haife ni. Muka kwana a gidan wata tsohuwar abokiyar aikin Yaya, aka cika mu da tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya.

Washegari muka ɗauki hanyar Rogo. Ƙasar can ta fi tamu ruwa, ana gani a jikin shuka. Masara an fara karya ta an tara a bakin gona, rake kuma ya yi tsayi ya rufe fadamu, sai motoci ake ta lodawa. Muka yi ta ratsa garken shanu, direba na tsayawa yana jiran su gama shawara. A Rogo Sabon Gari jami'in ya yi irin taron jiya da masu turin garin, mu kuma muka zaga kasuwa. Na sayi mazarƙwaila, na ce tsaraba ce, amma kafin mu bar garin na ci rabin tsarabar. Yaya ba ta sayi komai ba, tana ta maimaita abin da za ta gaya wa mutumin nan, ni kuma ina ƙara mata gishiri.

Bayan azahar muka isa gidan. Gidan ƙasa ne mai faɗi a gefen gari, shanu a ɗaure ta baya, rumbuna a tsakar gida. Malam Haruna dogo ne siriri mai sanyin murya. Ya yi magana da iyalinsa da Fillanci aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya juyo ya gaishe mu da Hausa tsaf. A nan aka samu matsalar da ba mu yi lissafinta ba. Gidan da aka yi rashi, in ba ka taɓa zuwa ba, ai ba ka buɗe baki da wata magana sai ka yi ta'aziyya, ko da an kwana biyu da rasuwar. Yaya da ta zo da faɗa a baki, dole ta ɗaga tafin hannu ta roƙa wa Inna Habi gafara da rahama, ta ce Allah Ya sa ta huta, Ya ba su haƙuri. Muka shafa. Na saci kallonta, na ga rabin faɗan ya zube a tabarma.

Shi kuwa ya ɗauka daga ma'aikatar lafiya muke, mun zo jin labarin mahaifiyarsa. Da jami'in ya ambaci littafi sai fuskarsa ta washe, ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Littafin Yaya ne, amma da ƙyar na gane shi. Babu bango, shafukan farko sun tafi, gefensa ya yi baƙi da hayaƙi, ga tabon man shanu, ga na kunu, an ɗinke bayansa da zaren lilo. Ya ce wata ma'aikaciyar lafiya ce ta ba Inna a wani taron ungozomomi, tun a lokacin ma bangon ya riga ya fita. Inna ba ta yi boko ba, shi yake karanta mata bayan la'asar har ta haddace. Duk gidan da aka kira ta karɓar haihuwa da shi take zuwa, ta ajiye a gefen gado. In tsofaffi suka ce a ƙara wa ruwan wanka wuta, sai ta ɗaga shi ta ce littafi ya hana. In ta ga ƙafar mai ciki ta kumbura ko jini ya ƙi tsayawa, ba ta jiran shawarar kowa, ita take tsayar da mai babur a tafi asibiti. Da farko an yi mata dariya, daga baya kowa ya bi.

Da ta rasu suka zauna da 'yan'uwansa a kan sadakar da za su yi mata wadda ba ta yankewa. Aka ce rijiya, ƙarfinsu bai kai ba. Shi ne ya tuna ilimi mai amfani ma sadaka ce mai gudana. Ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi da wayarsa, ya yi masa shafin gaba ya rubuta cewa sadaka ce ga mahaifiyarsu Inna Habi ungozoma, duk wanda ya amfana ya sa ta a addu'a, ya tura wa wani. Irin dai yadda ake buga ƙananan littattafan addu'o'i a raba a masallaci da sunan mamaci. Bai ce ita ta rubuta ba, amma bai faɗi wanda ya rubuta ba, don bai sani ba. Ya ce shi ya ɗauka na gwamnati ne, tunda kyauta aka ba ta. Yana ba mu labarin yana murmushi, yana cewa har daga Nijar an aiko masa da addu'a.

Yaya ta zuge jakarta ta fito da sabon kwafi mai bango, da sunanta a gaba da hotonta a baya, ta ajiye kusa da tsohon. Ya ɗauka, ya buɗe wannan ya buɗe wancan, ya kalli hoton, ya kalle ta. Jami'in ya gaya masa abin da mai shagon Karaye ya yi, da abin da aka faɗa wa Yaya a rediyo, da cewa doka ba ta karɓar "ban sani ba", kuma mai haƙƙi tana da ikon kai shi kotu. Takardar tana kan cinyarsa yana magana. Malam Haruna bai ko kalli takardar ba. Ya sunkuyar da kai a kan littattafan biyu.

Da ya ɗago ya ce, "Hajiya, ke nan da ragon wani na yi wa mahaifiyata sadaka."

Ya sake cewa, "Duk addu'ar nan da aka yi mata, ta isa gare ta kuwa?"

Ni da na zo da niyyar taya faɗa, sai na juya na kalli Yaya. Mutumin nan ba kotu yake tsoro ba. Yaya ta jawo tsohon littafin tana buɗewa a hankali, ta tsaya a babin zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi kowanne tsufa, har rubutun ya fara gogewa saboda yatsa. Na san babin nan, shi ne ya fi ba ta wuya, ta sake shi ya fi a ƙirga. Ta shafa shafin, ta cire tabarau ta goge da mayafi.

Ta ce, "Malam, ni ba malama ba ce, ba zan yi maka fatawa ba. Abin da ke hannuna haƙƙina ne, kuma abin da ya wuce na halatta wa Inna Habi shi duniya da lahira. Ta yi wa littafin nan aikin da ni ban yi masa ba. Amma sunana nake so ka mayar mini, ta hanyar da ya fita."

Jami'in ya mayar da takardarsa jaka, ya fito da farar takarda. A nan kan tabarma aka tsara komai. Yaya ta ware babin alamomin haɗari ta ba da shi kyauta da izini a rubuce, a tura wa duk wanda ake so, amma da shafin gaba mai gaskiya: ita ta rubuta, ladan sadakar kuma na Inna Habi. Sauran littafin mai so ya saya, za a ajiye kwafi a wani kemis a cikin gari. Malam Haruna ya ce zai gaya wa liman a yi sanarwa ranar Juma'a, iyalinsa kuma su faɗa a gidajen suna. Sannan ya ɗauki wayarsa ya yi saƙon murya zuwa duk guruf ɗin da ya taɓa tura littafin, ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ya faɗi sunan Yaya cikakke, ya roƙi duk wanda ya tura wancan ya tura wannan. Ya yi da Hausa, ya yi da Fillanci. Yana tsakiyar na Hausar wata saniya ta saki kuka a bayan gida, ya ce a sake, Yaya ta ce a bar shi haka, shaida ce.

Daga nan sai hira ta ɓarke kamar mun shekara da sanin juna. Aka kawo fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, aka biyo da tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Matan gidan suka kewaye Yaya da tambayoyi, wata ta kawo jaririnta a duba masa cibiya, nan take ta koma bakin aiki, har da faɗan a rage kanwa. Da za mu tafi ta ba Malam Haruna sabon kwafin. Na ga idonta a kan tsohon, na san tana so, shi ma ya gani. Ya riƙe shi a ƙirji ya ce ta yi haƙuri, ƙanshin hannun Inna na jiki, amma yana roƙon ta rubuta sunanta a kai don kada jikoki su sake yin kuskurensa. Ta karɓi biron jami'in ta rubuta a saman shafin farko da ya rage, a hankali, harafi-harafi. Suka cika mana but ɗin mota da masara da rake da ƙwaryar man shanu, da wani zakara da ya yi ta yi mana gardama har Kano.

A hanyar dawowa ruwa ya tare mu bayan Karaye, irin na bankwana, ya zuba ya ɗauke. Yaya ta yi barci kanta a kafaɗata, abin da ta daɗe ba ta yi ba a mota. Jami'in ya gaya mini kada in ɗauka an gama. Kwafin ƙaryar yana nan a wayoyin da ba wanda ya san adadinsu, za su rubuta wa shafukan da suka ɗora shi su sauke, amma magana zarar bunu ce. Ana kiran magariba muka shigo Kabuga, cunkoso da hayaƙin adaidaita suka yi mana maraba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, masu tura kayan mutane ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ya sani ya take, irin mai shagon Karaye, shi sai hukuma. Akwai kuma wanda neman lada ya kai shi, shi bayani yake buƙata, in ya gane ya fi ka jin zafin abin. Da takardar kotu kaɗai muka tafi da ita, da mun dawo da mai laifi mun bar sunan Yaya a can. Da wa'azi kaɗai muka tafi, da har yanzu ana sayar da guminta a Unguwar Hajji. Ku kuma da kuke karanta wannan a waya, kafin ku danna tura ku duba ko da sunan mai abu a jiki, ko ya yarda. Niyya mai kyau ba ta mayar da ragon wani naka.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki ina gidan Yaya muna ɓarar masarar Rogo, wayarta ta yi ƙara. Wata maƙwabciya ce ta turo saƙon murya a guruf ɗin matan unguwa, ta rubuta a ƙasa cewa ita ma turo mata aka yi daga Zariya, a saurara don Allah. Yaya ta danna. Muryar Malam Haruna ce, ga sunanta cikakke, ga saniyar nan ta saki kukanta a daidai inda muka bar ta. Ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara. Sannan ta karkaɗe zaninta ta miƙe, ta leƙa ɗaki ta kira ni.

Ta ce, "Zo ki kama mini katifar nan."